Na Kashe Furoksin da ke Buron Kawu, Na Ga Abin da Ya Fi Ƙarfina

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ki ɗora min wannan ba tare da sunana ko lambata ba, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, yau kwana goma ke nan ba ni da kwanciyar hankali.

Ni mace ce, shekaruna ashirin da takwas, ina da aure da ɗiya ɗaya mai wata goma sha ɗaya. Na yi karatun anformatik a Damagaram, ɓangaren reso, wato haɗa ordinatoci, kwamfutoci ke nan, su riƙa magana da juna da kuma intanet. Yanzu ina aiki a wata makarantar kuɗi da ke horar da ma'aikatan lafiya a nan Magariya, ni ke koyar da ordinatar, ni ce kuma mai kula da ɗakin da suke ciki. Wanda ya samo min aikin kawun maigidana ne, shi ne surbeyan na makarantar, mai kula da tarbiyya da shige da ficen ɗalibai. Ba kawu na nesa ba ne, shi ya riƙe maigidana tun yana ɗan shekara bakwai bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya sa shi lakwal ya yi boko, shi ya yi masa aure, sashen da muke zaune ma a cikin gidansa yake. Ni ma Kawu nake ce masa, kuma tsakani da Allah ban taɓa ganin wani abin ƙi daga gare shi ba kafin wannan lokaci.

Matsalar ta fara ne tun da aka dawo daga hutu. Ordinatocin ɗakinmu suka riƙa fito da wani saƙo da faransanci cewa akwai rikicin adireshi, daga nan sai koneksiyo ta yanke. Ga waɗanda ba su san harkar ba, kowace ordinatar a cikin reso tana da lambarta, kamar lambar gida, idan biyu suka ɗauki lamba ɗaya to saƙo ba ya sanin inda zai je, sai duka biyun su tsaya. Yau wannan ce ta yanke, gobe waccan, wani lokacin har ta buron direkta, wato ofishinsa. Na duba rutar, akwatin da ke raba wa kowa lamba, lafiya lau take. Na bi ordinatocin ɗaya bayan ɗaya na rubuta wa kowace lambarta da hannuna, aka yi kwana biyu shiru, abu ya dawo. Ga shi an shiga makon da za a yi wa ƴan ajin ƙarshe rajistar jarrabawar ƙasa ta intanet, ranar Litinin za a rufe. Ranar Juma'a direkta ya yi min faɗa a gaban malamai, ya ce idan yaran nan suka rasa rajista saboda ni, to in san cewa kontirata ta aiki ta ƙare, shi ba zai tsaya gaban iyaye yana ba da haƙuri a kan abin da aka ɗauke ni aiki dominsa ba. Na fito na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Ranar Asabar da safe na goya ɗiyata na koma makaranta ni kaɗai, na ce yau sai na gano. Akwai wata lamba ta biyu da kowace na'ura ke zuwa da ita daga kamfani, ita ba ta canzawa. Da na bi ta wannan, sai na ga ashe na'ura guda ce ke amsawa da lambobin ordinatoci har shida, kuma ba ta cikin ɗakina. Na je inda kabul-kabul ɗin makaranta suka haɗu na riƙa zare su ɗaya-ɗaya ina dubawa, da na zare na bakwai rikicin ya tsaya cak. Na bi kabul ɗin da ido ta jikin bango, sai ga shi ya shiga buron Kawu.

Kawu ba ya gari, tun Juma'a ya tafi ta'aziyya Sassumbrum. Na kira wayarsa sau biyu ba ta shiga ba. A nan ne na yi kuskuren da nake tsoro yanzu, ban kira direkta ba, ban jira kowa ba, na ce wa Baba mai gadi ya buɗe min, shi kuma ya buɗe saboda ya san ni surukar gidan ce. A ƙarƙashin tebur na tarar da wata tsohuwar ordinatar a kunne, an rufa mata tsohuwar darduma, ni da nake da lissafin na'urorin makaranta ban taɓa sanin da ita ba. Kod ɗin shiga yana rubuce a wata ƴar takarda da aka manna a ƙasan kilabiye, allon da ake danna haruffa. Na shiga. Abin da na gani shi ne an saka mata furoksi, wani shiri ne da ke tsayawa a tsakiya yana karɓar saƙon wasu na'urori yana miƙa shi a madadinsu. Kabul na biyu ya fita ta taga ya hau rufi, a can akwai wata ƴar eriya fara mai faɗin faranti tana kallon kasuwa. Na ce a raina, wato wani ake ba koneksiyon makaranta a waje, kuma na'urorinsa ne ke ɗaukar lambobinmu. Raina ya ɓaci amma ban ɗauke shi babban abu ba, mutane da yawa suna yi. Na kwafe rajistar furoksin, wato jerin duk abin da ya bi ta cikinsa, a kile ɗina, ɗan filas ɗin da nake ajiye bayanai, domin haka aka koya mana, kada ka taɓa komai sai ka ajiye kwafi. Daga nan na tsayar da shi, na hana shi tashi ko an sake kunna na'urar, na mayar da dardumar yadda take na fito. Cikin minti biyar duk ordinatocin ɗakina suka hau intanet, babu wadda ta sake yin ƙorafi. Wallahi a lokacin har rawa na yi da ɗiyata a baya.

Ranar Lahadi bayan azahar, yarinya ta yi barci, na buɗe kile ɗin don in rubuta rapor, wato rahoton aikin. Na yi zaton zan ga kallon bidiyo da hirar waya. Akwai su, amma akwai wani abu daban. Makin ɗalibanmu yana cikin wani shiri ne a ordinatar sakatariya, zan kira ta Tanti Zuwaira, ba sunanta ba ne. Ita kaɗai da direkta ke da kod ɗin shiga, kuma shirin ba ya buɗewa sai ga na'urar da ke cikin makaranta, shi ya sa na wajen ke aron lambobinmu. Na ga an shiga shafin gyaran maki daga na'urar waje, da sunan Tanti Zuwaira, ranakun Lahadi uku a jere, lokacin da makaranta ke kulle. Na ƙirga lambobin ɗaliban da aka taɓa, su tara. Na san Tanti ba ta gari a biyu daga cikin ranakun nan, Kwaya take zuwa duba mahaifiyarta. Kuma na san abin da eriyar ke kallo, shagon fotokofi ne da ke bakin kasuwa, shagon Kawu, ni da kaina na gyara masa ordinatocinsa biyu bara. Na rufe na'urar na zauna a ƙasa.

Litinin aka yi rajista lafiya, direkta har ya yaba min. Da la'asar Kawu ya aiko in same shi a buro. Na shiga na durƙusa na gaishe shi na yi masa ya hanya, ya amsa kamar kullum, sannan ya tura ƙofa.

Ya ce, "Ɗiyata, ke kika taɓa injin nan?"

Na ce, "Ni ce Kawu, shi ke kawo mana yankewar koneksiyo, na kira ka ban samu ba."

Ya ce, "To madalla. Me kika gani a ciki?"

Na ce ban ga komai ba, kashewa kawai na yi. Ƙarya na yi masa, kuma na san ya gane. Ya daɗe yana kallona, ni kaina na ƙasa.

Ya ce, "Mai gadi ya ce da kile kika fita a hannu. Ke kin fi ni karatu, kin san shiga na'urar mutum da kod ɗinsa ba da izininsa ba laifi ne da hukuma ke kama mutum a kai. Ni ba zan so a ce uwar jikata tana jandarmari ba. Ki kawo min kile ɗin gida, mu manta."

Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Na ce to, na fito. Da yamma na kai masa wani kile daban na ce ga shi, na goge komai. Ya karɓa ya sa aljihu. Na gaskiyan na ɓoye shi, ba zan faɗi inda yake ba. Ranar Laraba da na ɗaga kai babu eriya a kan rufi, da aka aike ni buronsa da takarda na leƙa ƙarƙashin tebur, babu ordinatar, babu darduma, har ramin da kabul ya bi ta taga an toshe shi.

Na yi zaton shi ke nan, zan haɗiye abin in yi shiru. Sai ranar Alhamis aka manna sunayen waɗanda suka cancanci zama jarrabawa, malamin da ke koyar da ilimin magunguna ya tsaya yana karantawa, ya ga sunan wani ɗalibi da ya ba huɗu bisa ashirin. Ya ɗauko takardunsa ya je wurin direkta, aka buɗe shirin, aka ga sha uku. Aka ci gaba da dubawa aka samu sauran. Shirin yana nuna sunan wanda ya yi gyara da rana, amma ba ya nuna daga wace na'ura, kuma sunan Tanti Zuwaira ne a duka. Juma'a da safe aka ba ta takardar neman bayani, aka karɓe makullanta, aka ce ta zauna a gida. An kira ɗaliban tara, duk sun ce su ba su san komai ba, kamar an haɗa musu baki. Mai makarantar ya ce za a yi zama Alhamis ɗin nan, wato jibi, idan ba ta faɗi gaskiya ba zai miƙa ta jandarmari, domin shi sunan makarantarsa ake neman ɓatawa.

Ƴan uwa, matar nan shekararta goma sha huɗu a kan teburin nan. Idan ina aji ita ke riƙe min ɗiyata, ta shimfiɗa mata zane a gefen kujerarta, har kunu take damo mata daga gida. Laifinta ɗaya da na sani shi ne rubuta kod ɗinta a bayan kalanda saboda mantuwa, na sha yi mata magana. Ranar Asabar ta zo gidanmu, ta wuce ta gaban Kawu yana zaune a ƙofar gida, har ya amsa gaisuwarta ya ce Allah ya bayyana gaskiya. Ta shigo ɗakina ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, ke kin san na'ura. Ana iya a ga sunana alhali ba ni ba ce? Wallahi ko Alƙur'ani aka kawo zan dafa. Babban ɗana ya daina zuwa lakwal, ana ce masa ɗan mai sayar da maki." Na ce mata ana iyawa Tanti, zan duba. Abin da na iya faɗa ke nan. Ta yi min godiya har da hawaye, ta ce ta san ba zan bar ta ba. 

A ranar na gaya wa maigidana komai. Da farko ya ce ƙarya nake yi, na'ura ce ta ruɗe ni, Kawu mai sallah a sahun gaba ba zai yi haka ba. Na nuna masa ranakun da lambobin, sai ya juya faɗan kaina, wai me ya kai ni buron da ba nawa ba, me ya sa ban jira ba, ni kullum sai na nuna na fi kowa sani. Na ce masa aikina ne, da ban yi ba da yara sun rasa jarrabawa ni kuma an kore ni. Ya ce in jefa kile ɗin a masai, na ce ba zan iya ba. Muka yi ta yi har ya ce idan na buɗe baki a kan mutumin da ya zame masa uba, to in haɗa kayana in koma gidanmu Dungas, shi ba zai iya kallon mahaifiyarsa ya ce mata matarsa ce ta kai ɗan uwanta gidan kaso ba. Tunda muka yi aure bai taɓa ce min in tafi ba. Ba mugu ba ne, na ga shi ma bai taɓa tuwonsa ba. Washegari da kansa ya ce in bari zai yi wa Kawu magana a asirce, ko zai samu hanyar da za a wanke Tanti ba tare da tonon asiri ba. Ya shiga wurinsa bayan sallar azahar, ya fito fuskarsa a murtuke, abin da kawai ya ce min shi ne, "Ki yi hankali, ya ce ke kaɗai ce a makarantar nan kika san yadda ake shiga na'urar wani."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, domin gaskiya ce. Ordinatar da eriyar sun ɓace, abin da ya rage shi ne kile a hannuna, kuma duk wanda ya so zai iya cewa ni na rubuta abin da ke ciki. Mai gadi zai shaida ya buɗe min buro ranar da babu kowa. Ni na taɓa gyara na'urorin shagon. Ni nake zama kusa da kalandar Tanti kullum idan na je shayar da ɗiyata. Jiya Litinin na tarar da durowata a ɗakin ordinatar an birkita ta, ba a ɗauki komai ba, amma takarduna ba yadda na bar su suke ba. A gida matar Kawu da muke raha da ita ta koma gaisuwa kawai. Idan na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida sai in ce jandarmomi ne. Ruwan nonona ma ya ragu, yarinya sai kuka take.

Akwai kuma abin da ke damuna wanda ban iya gaya wa maigidana ba. Yaran nan tara ba takardar sayar da goro za a ba su ba. Wanda ya ci huɗu a ilimin magunguna, shekara mai zuwa shi za a tura ɗakin shan magani a wani ƙauye inda babu likita, shi zai auna wa jariri allura. Ƙanwata a irin wannan wurin ta haihu. Yanzu an gano su, amma ban san ko bara ma an yi ba, rajistar da na kwafa ta wata biyu ce kawai.

Na yi tunanin in je wurin direkta ni kaɗai in ba shi kile ɗin, amma shi da Kawu tare suke shan shayi kullum, ban san ko ya sani ba, ban san ko zan fito daga buronsa ya ɗaga waya ba. Na yi tunanin mai makarantar, amma shi mutum ne mai zafi, a take zai kira hukuma, kuma tambayar farko da za a yi min ita ce wa ya ba ki izinin shiga. Na yi tunanin in tura abin daga wata lamba ba suna, sai na ga wauta ce, wa zai iya fito da irin wannan in ba ni ba. Mahaifina yana Dungas, hawan jini gare shi, ban gaya masa ba. Akwai wani malamina na Damagaram da zai iya duba rajistar ya tabbatar ba ƙirƙira ba ce, amma ina jin kunyar ya san yadda na same ta. Na yi istihara sau uku, zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne yau da safe direkta ya kira ni ya ce dole in halarci zaman Alhamis, tunda ni ce mai ilimin abin. Ya ce tambaya ɗaya za su yi min, shin zai yiwu wani ya yi gyaran nan da sunan sakatariya daga wani wuri, kuma na ga wata alama ta haka ko ban gani ba. Kawu yana cikin masu zaman, Tanti ma za ta kasance a wurin.

Don Allah masu ilimin shari'a a cikinku, shigar da na yi buron nan za ta iya kai ni gidan kaso ko da gyara na je yi? Masu aikin reso, kwafin da ke hannuna zai karɓu a matsayin shaida bayan na'urar ta ɓace? Iyayena mata, akwai wadda ta taɓa faɗin gaskiya a kan dangin miji aurenta ya tsira? Malamai, idan na ce zai yiwu amma na yi shiru a kan abin da na gani, na yi shaidar zur ko ban yi ba? Kada ku zage ni, na san na yi kuskure, na kuma san na yi wa Tanti shiru kwana biyar tana kuka. Jibi da ƙarfe tara direkta zai juyo ya kira sunana a gaban su biyun, don Allah ku gaya min, me zan ce?